Sojan Ƙasar Daura a Bariki da Fagen Fama, 1967-1970

Galibin abin da aka rubuta game da Yaƙin Basasar Nijeriya ya tsaya ne ga sunayen manyan hafsoshi da na garuruwan da aka ci. Wannan maƙala za ta dubi zaman da ƙaramin soja ya yi, tun daga shigarsa aikin har zuwa bakin daga, tare da kafa misali da ƙasar Daura.

A zamanin Turawa iyaye da yawa a ƙasar Hausa ba su ɗauki aikin soja sana'ar ɗan mutunci ba. Ra'ayin ya fara sauyawa ne sa'ad da 'ya'yan sarauta irin su Hassan Usman Katsina suka shiga. A wannan yayi ne Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a Daura cikin 1942, ya zama hafsa a 1963. Da yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, yana cikin Bataliya ta 2 ta Runduna ta Ɗaya, ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, wadda ta taso daga Gakem ta kama Ogoja cikin mako guda.

Amma fa hafsoshi 'yan ƙalilan ne. Kafin yaƙin sojojin ƙasar ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma da aka ƙare sun kai wajen 250,000. Watau mafi yawan waɗanda suka yi fama sababbin shiga ne, sai kuma tsofaffin sojojin Bama da aka sake kira. Saurayin ƙauye yakan bar garma ya nufi Defo ta Zariya, inda aka taƙaita horo saboda matsin bukata. A nan ne kurtu yake koyon fareti da sarrafa bindiga da bin umarnin kofur da saje da samanja. Waɗannan kalmomi kansu shaida ne, domin tun zamanin mulkin mallaka Hausa ce harshen bariki, kuma da ita Bahaushe da Bativi da Angas suke fahimtar juna.

Daga Makurɗi, inda rundunar ta fara kafa hedkwatarta, sojan Daura ya shiga ƙasar da bai saba da ita ba. Mutumin da ya tashi cikin rairayi da fili fetal da gajeriyar damina, sai ga shi cikin kurmi, inda ruwa ke zuba wata da watanni, abokin gaba kuma ba a hango shi sai an yi kiciɓis. Gari da doya suka maye gurbin fura da tuwon gero. An san Runduna ta Ɗaya da tafiya sannu, ba ta matsawa sai ta tara kayan faɗa. Inugu ta faɗi a Oktoba 1967, amma ba a kama Umuahia ba sai Afrilu 1969. Tsakanin waɗannan lokuta yawancin kwanakin soja sun ƙare ne cikin rami, yana gadi, yana jiran abinci da albashi da wasiƙar gida, yana kuma fargabar nakiyar nan ta Biyafara da ake kira Ogbunigwe. Har ila yau ya ga yunwar da ta hallaka ɗimbin farar hula, musamman yara.

Yaƙin ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970. Buhari ya yi mulkin ƙasa sau biyu, aka rufe shi a Daura cikin Yuli 2025, kuma tarihinsa yana rubuce. Na kurtu kuwa yana bakinsa ne kawai, ga shi waɗanda suka rage duk sun haura shekara 70. Ya wajaba masu nazarin harshe da tarihi su ɗauki bayanin waɗannan dattawa tun suna raye, domin da rasuwar kowane ɗayansu ake rasa labarinsa da Hausar barikin da ya ba da shi da ita.