TIKITIN JIRGIN ƘASA, JIYA DA YAU

'Yan uwana mata, da yawanmu sai dai mu ji kukan jirgi daga cikin gida, amma yadda ake samun kujera a cikinsa maza muka bar wa. Ni kuwa nan ne tarihin ya fi ja na.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga Baro ta bakin kogin Kwara. Turawa ba don kai amarya ko gaida mai jego suka shimfiɗa shi ba, auduga suke hange, sai gyaɗa ta ƙwace kasuwar. Ita ta ja layin zuwa Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Maiduguri kuwa sai 1964. Kin ga tun farko kaya ne a gaba, mutum a baya.

To a wancan zamani ina mace za ta san ranar tashin jirgi? Sai an aika yaro tasha ya tambayo, ko maigida ya je ya bi layi a tagar tikiti. Mai hali ya shiga faskila, talaka ya cusa cikin taragon gama-gari da buhunansa da kajinsa. Lokacin da aka rubuta daban, wanda jirgi zai iso daban, shi ya sa uwayenmu ba sa fita sai da tabarma da dambu ko ƙuli-ƙuli a ƙulle. Wallahi sun yi haƙuri.

Daga baya reluwe ta durƙushe, motoci suka gaje hanya. Da aka farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a Disambar 2012, sau ɗaya yake tashi a mako, tafiyar wajen awa 30, kuɗin gama-gari bai kai naira 2,000 ba.

Na Abuja zuwa Kaduna ya fara a 2016. Da masu garkuwa suka addabi titi, kowa ya yo tashar Rigasa, 'yan cuwa-cuwa suka saye tikiti suna ninka kuɗi, mai goyo tana tsaye a rana. Dalilin haka aka fara sayarwa ta intanet a Janairun 2021. A ganina mu aka fi yi wa gata, tunda daga ɗaki mace za ta duba lokaci ta biya, ba sai ta roƙi kowa ba, in dai tana da waya da kuɗi a asusu. Bayan harin 28 ga Maris 2022 jirgin ya tsaya har Disamba, da ya dawo kuma aka ce sai da lambar NIN. Mu kuwa nawa ne a cikinmu katinsu ke aljihun maigida?