Jarrabawar Samun Lasisin Aikin Jinya da Ungozoma: Yadda Take da Yadda Ake Zaman Jiran Sakamakonta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti, ko ya yi jinyar wani nasa, ya san cewa likita yakan zo ya duba ne ya wuce, amma mai kwana da majinyaci, ya ba shi magani a kan kari, ya wanke masa ciwo, ya lura da numfashinsa cikin dare, shi ne ma'aikacin jinya, wato nas. A karkara kuwa, inda sau da yawa babu likita ko ɗaya a asibitin gari, nas ko ungozoma ce jama'a ke dogaro da ita. Saboda nauyin wannan aiki ne doka ba ta yarda kowa ya yi shi ba sai wanda ya ci wata jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya, aka yi masa rajista, aka kuma ba shi lasisi. An shirya wannan bayani ne domin ɗalibai da iyayensu da mazajensu, da masu unguwanni da dagatai, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda ke ɗaukar nauyin karatun yara, domin kowa ya san abin da ɗalibi ke fuskanta, musamman a makonnin da yake jiran sakamako.

Hukumar da ke shirya jarrabawar

Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Abuja, ita ce ke da alhakin wannan jarrabawa. Tun zamanin Turawa akwai hukumomi biyu, ta ungozoma wadda aka kafa a shekarar 1930, da ta ma'aikatan jinya wadda ta biyo baya a 1947. Dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979 ce ta haɗe su wuri guda. Majalisar ce ke tantance makarantu, ta tsara manhajar karatu, ta ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, ta kuma hukunta ma'aikacin da ya saɓa ƙa'idar aiki.

Ya kamata jama'a su fahimci wannan da kyau: gwamnatin jiha tana gina kwaleji, tana biyan malamai, amma ba ta da hannu a cikin makin kowa. Gwamna ko kwamishina ko shugaban kwaleji babu wanda zai iya ba wa ɗalibi lasisi.

Kafin a kai ga zama

Hanyar tana da tsawo. Ana buƙatar kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Bayan an sami shiga, akwai jarrabawar share fage wadda ake tace ɗalibai da ita a watannin farko, sannan makaranta ta aika sunayen waɗanda suka haye zuwa Majalisa a ba kowa lambarsa. Wanda ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba, ko da ya shekara nawa a aji. Shi ya sa ake jan hankalin iyaye da su bincika ko Majalisa ta amince da makaranta kafin su biya ko kwabo, domin akwai masu buɗe makarantu a gidajen haya su raba wa yara fararen kaya, alhali ba su da izinin horar da kowa.

Karatun jinya na asali shekara 3 ne, haka ma na ungozoma. Nas ɗin da ke son ƙara ungozoma a kan karatunsa na farko yakan yi wata 18. Masu digiri a jami'a shekara 5 suke yi, kuma su ma ba su tsira daga jarrabawar Majalisa ba. Akwai kuma karatun ungozomar karkara na shekara 2, wanda aka tsara domin yarinya ta koma ta yi aiki a yankin da ta fito. A ƙarshe, makaranta takan yi nata gwajin na cikin gida, kuma waɗanda suka ci shi kaɗai take gabatarwa ga Majalisa.

Yadda jarrabawar take

Ana yin ta sau biyu a shekara. Ta aikin jinya a watan Mayu da Nuwamba, ta ungozoma a watan Maris da Satumba. A da da biro da takarda ake rubutawa, amma yanzu ɓangaren tambayoyi a kwamfuta ake yin sa, inda ɗalibi ke zaɓar amsa ɗaya daga cikin waɗanda aka jera. Wannan sauyi ya fi takura wa yaran da suka taso a inda ba wutar lantarki, kuma yarinya tana iya sanin amsa sarai amma hannunta ya riƙa rawa a kan na'ura. Maganin wannan shi ne a saba da kwamfuta tun da sauran watanni.

Ɓangare na biyu shi ne na aiki da hannu, wanda ɗalibai ke kira Oski. Ana jera tashoshi a cikin ɗaki, kowace da aikinta da 'yan mintocinta: a nan a auna hawan jini, a can a wanke ciwo, gaba kuma a haɗa allura ko a yi wa majinyaci bayani. Da an kaɗa ƙararrawa sai a matsa gaba, ko an gama ko ba a gama ba. Masu ba da maki baƙi ne da Majalisa ta turo daga wasu makarantu. Haka kuma ɗalibi yakan kare aikin binciken da ya rubuta a gaban masu jarrabawa. Makin ci shi ne 50 cikin 100, kuma sai an ci kowane ɓangare, domin yawan maki a kwamfuta ba ya rufe gazawa a aikin hannu.

Zaman jira

Bayan an tashi daga jarrabawa akan ɗauki makonni kafin Majalisa ta fitar da sakamako ta hannun makarantu. A wannan tsakani ne ɗalibai da yawa suka fi shan wuya, har fiye da lokacin karatun kansa. Dalili kuwa a fili yake. Lokacin karatu akwai abin yi, ana tashi da asuba a shiga aji ko ɗakin majinyata. Yanzu kuwa an kwashe kaya an koma gida, alƙalami ya riga ya bushe, babu abin da mutum zai ƙara ko ya rage, sai tunani. Ɗalibi yakan kwanta yana tuno tambaya guda da ya sauya amsarta a minti na ƙarshe, ya manta da ɗimbin waɗanda ya amsa daidai.

Ga ɗan karkara nauyin ya fi haka. Wata yarinyar ita ce ta farko a garinsu da ta kai wannan matsayi. An sayar da hatsi ko ɗan bijimi an biya mata kuɗin makaranta, ko ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyinta bisa alƙawarin za ta dawo ta riƙe ɗakin haihuwa. Shirin Mata Domin Lafiya, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ya fito da 'yan mata da matan aure da dama daga ƙauyuka ta irin wannan hanya, inda gari ne da kansa ke zaɓar wadda za ta tafi. Wadda aka tura haka tana ganin idan ta faɗi ba ita kaɗai ta faɗi ba. Tun kafin sakamako ya fito an fara kiran ta malamar asibiti, mata na zuwa da yara tana duba musu zazzaɓi, ita kuwa cikinta ya ɗuri ruwa.

Fargaba irin wannan tana da alamu a jiki, kuma ɗaliban jinya sun karanta su a aji: faɗuwar gaba, zufa a tafin hannu, bushewar baki, murɗawar ciki, rashin barci, rashin son abinci da saurin fushi. Jiki ne ke sakin sinadaran da ke shirya mutum ya yi gudu ko ya yi faɗa, alhali babu abin gudu. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba ishara ce ta cewa an faɗi ba. Wanda ya ci da wanda bai ci ba duk suna jin haka.

Abin da ya fi taimakawa shi ne a mayar wa yini tsarinsa. A riƙa kwanciya da tashi a lokaci ɗaya, a shiga aikin gida ko na gona ko wata sana'ar hannu, a yi tafiyar ƙafa, a ci abinci ko ba a jin yunwa, a riƙe ibada da zumunci. Idan gaba ta fara faɗuwa, a zauna a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, na 'yan mintoci. Bugun zuciya yakan lafa. A rage goro da shayi mai kauri da kofi daga la'asar. Sai kuma wayar hannu. Zaurukan WhatsApp na 'yan aji sun zama matattarar jita-jita, yau a ce sakamako ya fito, gobe a ce rabin makaranta kaza sun zube. A ganin mai wannan rubutu, ya ishi ɗalibi ya duba sau ɗaya ko biyu a yini, ya kuma sa a ransa cewa labarin da bai fito daga ofishin shugaban makaranta ko daga Majalisa ba, ba labari ba ne.

Abin da ba a so ko kaɗan shi ne neman barci da ƙwaya. Ɗaliban jinya sun san sunayen magunguna kuma sun san masu kemis, don haka hannunsu ya fi na kowa saurin kai wa ga baliyam ko taramol ko maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Waɗannan suna kama mutum, kuma ma'aikacin lafiya mai shaye-shaye yana iya rasa lasisin da ya sha wuya a kansa.

Iyaye da miji su ma suna da nasu. Tambayar "ya fito?" safe da yamma ƙarin nauyi ce. Haka ma sanar da dangi cewa an gama, ko ɗaura ranar walima tun sakamako bai zo ba. Ya fi kyau uba ko miji ya faɗa wa ɗalibar tun da wuri, da bakinsa, cewa idan ma ba a dace ba a wannan karo za a sake biya a sake zama.

Idan ba a dace ba

Shekaru da yawa ƙa'idar Majalisa ita ce wanda ya zauna sau uku bai ci ba a sallame shi daga karatun gaba ɗaya. Wannan ƙa'ida ce tushen mafi yawan tsoron da ake yi wa jarrabawar, kuma har yanzu akwai iyaye da jami'ai da ke zaton tana nan. A watan Satumba na 2025 Majalisa ta soke ta. Tsarin da ta sanar shi ne, ɗalibin da ya faɗi wani ɓangare zai sake zama a wannan ɓangaren har sai ya ci, da sharaɗin ya ci gaba da zama ɗalibin makarantarsa, ya kuma halarci aƙalla kashi 80 cikin 100 na darussa da aikin asibiti. Ke nan faɗuwa jinkiri ce ta kimanin wata 6 zuwa zama na gaba, tare da ƙarin kuɗin rajista da na zaman makaranta. Ba ƙaramin abu ba ne ga talaka, amma shekarun da aka yi ba su tafi a banza ba. Wanda abin ya shafa ya koma makaranta da wuri, ya nemi a nuna masa ɓangaren da ya gaza, ya sa ƙarfinsa a nan.

A irin wannan lokaci ne kuma macuta ke fitowa. Sukan bugo waya ko su aiko da saƙo cewa suna da hanya a Abuja, za su ɗaga maki ko su goge faɗuwa idan an tura kuɗi. Ƙarya ce. Wanda ya tura ya yi asarar kuɗinsa, wanda kuma ya karɓi takardar bogi ya shiga aiki da ita, ranar da aka tantance shi zai gamu da hukuma.

Akwai lokacin da damuwa ke wuce ta jiran sakamako ta zama ciwo. Idan ɗalibi ya kai mako 2 ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina shiga mutane, yana yawan kuka, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce shagwaɓa ce ko raunin imani. A kai shi babban asibiti mafi kusa a ga likita, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari da na ɓera da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai. Idan abin ya buƙaci ƙwararru, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri.

Ga jami'an ƙananan hukumomi

Wanda ya ci jarrabawa bai gama ba tukuna. Sai an yi masa rajista a Majalisa an ba shi lasisi kafin ya sa haruffan RN na ma'aikacin jinya ko RM na ungozoma a bayan sunansa, kuma lasisin nan ana sabunta shi lokaci-lokaci, bayan halartar kwas ɗin ƙarin sani da Majalisa ta wajabta. Saboda ƙarancin ma'aikata, akan sami shugaban sashen lafiya ya damƙa wa mai jiran sakamako mabuɗin asibitin ƙauye ya ce ya fara riƙewa. Wannan ya saɓa wa doka, kuma idan aka sami matsala a wajen haihuwa ko allura, ɗalibin da wanda ya sa shi duk za su amsa tambaya. Ana iya barin sa ya riƙa zuwa yana taimakawa a ƙarƙashin kulawar mai lasisi, wanda hakan ma yana rage masa zaman tunani, amma ba a bar shi shi kaɗai da majinyata ba.

Haka kuma ana shawartar ƙananan hukumomin da ke ɗaukar nauyin ɗalibai su ware kuɗin sake zama tun a cikin kasafinsu na shekara, domin kada yarinyar da ta rage saura ɓangare ɗaya ta zauna a gida saboda kuɗin rajista. Lokacin ɗaukar aiki kuma a nemi ganin takardar rajista da lasisin da bai ƙare ba, a duba lambarsu, a kuma tabbatar da su daga Majalisa kafin a sa sunan mutum a takardar albashi.