Ƙudurin Sabuwar Shekara Da Gyaran Hali Na Kullum: Asali Da Abin Da Bincike Ya Nuna

Ƙudurin sabuwar shekara shi ne alkawarin da mutum kan ɗaukar wa kansa a farkon shekara cewa zai bar wata ɗabi'a ko ya kama wata, kamar ya daina cin bashi, ya fara tanadi, ya rage shan zaƙi ko ya koma karatu. Gyaran hali na kullum kuwa ƙaramin aiki ne da ake maimaitawa kowace rana, ana bin sa da lissafi, ba tare da jiran wata rana ta musamman ba. Tarihi da binciken masana sun nuna cewa na farkon yana taimakawa wajen soma abu, na biyun ne ke sa shi ya ɗore.

Asalin al'adar

Akan danganta tushen wannan al'ada da mutanen Babila, a ƙasar Iraki ta yanzu, waɗanda suke bikin shiga shekara mai suna Akitu na tsawon kwana 12. Mayar da 1 ga Janairu tabbataccen mafarin shekara kuwa ya zo ne daga Rumawa, musamman bayan gyaran kalanda da Yuliyas Kaisar ya yi a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An samo sunan watan daga Janus, gunkin Rumawa mai fuska biyu, ɗaya na duban baya, ɗaya na duban gaba. A 1755 John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist a Ingila, ya fara gudanar da taron sabunta alkawari da Ubangiji, wanda daga baya aka riƙa yi a farkon shekara.

A wajen Musulmi shekara tana farawa da Muharram, bisa kalandar Hijira da aka tsara a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, sai dai malamai sun fi ƙarfafa muhasaba, wato yi wa kai hisabi a kullum. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wa batun babi guda a Ihya'u Ulumiddin, inda ya kwatanta mutum da ɗan kasuwar da ke gindaya wa abokin cinikinsa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, ya zauna lissafi da shi da dare. A Amurka ma, Benjamin Franklin ya zaɓi kyawawan halaye 13, yana mayar da hankali kan ɗaya a kowane mako, yana kuma yin alama a ɗan littafinsa duk ranar da ya gaza.

Abin da bincike ya gano

A ƙarshen shekarun 1980, John Norcross na Jami'ar Scranton a Amurka da abokin aikinsa sun bibiyi mutum 200 da suka yi ƙudurin sabuwar shekara. Kashi 77 cikin ɗari sun riƙe alkawarinsu a makon farko, amma bayan shekara biyu kashi 19 kaɗai suka rage. Duk da haka, wani binciken nasa na 2002 ya nuna cewa bayan wata shida kashi 46 na masu ƙuduri suna nan kan bakansu, alhali kashi 4 ne kawai suka yi nasara cikin masu sha'awar canji da ba su ƙudurta komai ba. Ke nan ƙudurin yana da amfaninsa. Masana a Jami'ar Pennsylvania sun bayyana dalili a 2014: farkon shekara, farkon wata, farkon mako da ranar haihuwa kan sa mutum ya ji an raba shi da kurakuransa na baya, sai ya samu ƙarfin gwiwar sake gwadawa.

Matsalar ita ce wannan zumuɗi yakan dushe kafin sabon hali ya kafu. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bibiyi mutum 96 na tsawon mako 12, suka gano cewa kafin aiki ya zama jiki yakan ɗauki kimanin kwana 66, kuma tsawon ya bambanta daga kwana 18 zuwa 254. Sun kuma lura cewa tsallake rana ɗaya ba ya rusa abin da aka gina. Wani bincike da aka yi a Suwidin kan mutum 1,066, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa masu ƙudurin fara wani abu sun fi masu ƙudurin daina wani abu nasara, kashi 59 da kashi 47. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer kuma ya nuna cewa wanda ya ƙayyade lokaci da wuri da yadda zai yi aikin ya fi kusa da aikatawa.

Yadda abin ya shafi aljihu

Janairu wata ne mai nauyi ga ma'aikacin gwamnati, musamman idan an biya albashin Disamba da wuri, ga kuɗin makarantar yara na zango na biyu yana jira. Ciniki ma kan ja baya bayan hidimomin ƙarshen shekara. Babban alkawarin tanadi da aka ɗora kan irin wannan wata yana iya rushewa tun kafin a ga Fabrairu, kuma wanda ya karya shi yakan jingine komai sai baɗi.

'Yan kasuwa sun daɗe da sanin mafita a tsarin adashi da asusu. Mai ajiye Naira 500 kullum zai tara Naira 182,500 a kwana 365. Adadin ƙarami ne, lokacin zubi sananne ne, kuma a adashi akwai uwar adashi da ke tambaya idan ba a kai ba. Kamfanonin Japan irin su Toyota sun yi suna da tsari mai kama da wannan, mai suna kaizen, inda ake sa ran kowane ma'aikaci ya riƙa kawo ƙaramin gyara a aikinsa a kai a kai.

Haɗa hanyoyin biyu

Daga waɗannan binciken ana iya fitar da ƙa'idoji kaɗan. A ɗauki ƙuduri ɗaya ko biyu, a kuma mayar da shi aikin da za a iya ƙirgawa. Maimakon a ce za a rage kashe kuɗi, sai a ce za a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowane dare kafin a rufe shago. A jingina sabon aikin da wanda aka riga aka saba, kamar tafiyar minti 20 bayan sallar Asuba ko bayan tashi daga ofis. A sanar da wani amini da zai riƙa tambaya. Idan an tsallake rana, a ci gaba washegari, domin Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Wanda Janairu ya wuce shi kuma yana iya somawa ranar Litinin mai zuwa, ko ranar da albashi ya shigo, ko 1 ga Muharram.