Ja, Baƙi da Shuɗi: Tarihin Kwalliyar Amarya a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

A shekarun 1950 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Abin da ya kawo shi zanen shanu ne da mutanen zamanin da suka bari a jikin dutse, da kuma duwatsun nan masu amo idan an ƙwanƙwasa su. Amma cikin abin da ya rubuta har da wata al'ada ta mata: lokacin biki amarya da ƙawayenta kan tafi gindin dutse su yini can. Wanda ya san bikin Bahaushe ya san yadda amaryar nan za ta fito: hannu da ƙafa sun sha lalle, ido ya sha kwalli, kai ya sha kitso.

Ƙasar nan ta daɗe a ƙarƙashin Kano, sai a 1991 aka yanka ta cikin Jigawa, don haka adon matanta da na Kanawa tafiyarsu ɗaya. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ga tozali a kasuwa, ya ga mata suna rina gashi da gira da shuni, suna kuma jajanta haƙora da furen taba. Launi uku ke nan: ja, baƙi da shuɗi.

Shuɗin ne ya fara mutuwa. Shunin da ake samu daga marina, a murza da man shanu a shafe kitso da shi, yau sai a bakin tsofaffi. Fure ma ya bi shi tun da buroshi da man goge baki suka mai da farin haƙori abin yayi. Katambiri, wanda 'yan mata ke ja wa fuska layi da shi, ya bar wa gazar wuri.

Lalle kuwa ya ƙi mutuwa, kuma a ganina dalilin ba kyansa ba ne kawai. Lalle aikin gayya ne. A tsinko ganye a shanya, a daka a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, wasu su matsa lemon tsami. A dambara a hannu a zura cikin zunguru, ƙafa kuma a naɗe ta da ganye da tsumma. Daga nan mai ƙunshi ta zama sarauniyar dole: ba ta iya ɗaukar ko ludayi, sai ƙawa ta ba ta fura a baki, in sauro ya cije ta sai ta roƙi a sosa mata. Shi ya sa aure ya ɗaure shi tamau, har kamu da sa lalle suka zama ranakun biki masu zaman kansu, angon fari ma ba ya tsira.

Kwalli kuwa yana da dogon tarihi. Misirawan zamanin Fir'auna sun yi amfani da shi, hadisi kuma ya yaba wa kwallin ismidi, abin da ya sa malamai da dattawa ba sa jin kunyar rangaɗa shi ranar Juma'a. Dutse ne mai walƙiya, a niƙa shi lukui a zuba a tandu, ungozoma ta sa wa jariri tun kafin suna. Sai dai yawancin tozalin da ke kasuwanninmu ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Masu cewa duk abin gargajiya lafiyayye ne su riƙe wannan.

Sabon yayi ta hanya ya shigo. Titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa Birnin Kudu, kuma daga gabas ne dilka da halawa da humra da turaren wuta suka bazu ƙasar Hausa, har "gyaran jiki" ya zama sana'ar da ake biya. Zunguru ya koma rataye, leda da salatif suka karɓe shi, zanen fulawa irin na Sudan da Indiya ya ture tsohon ƙunshi na bai ɗaya. Shi kuwa abin da ake kira baƙin lalle, sau da yawa rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda kan sa fatar wasu ta yi ƙuraje ko ta saluɓe.

Duk waɗannan launi ne da ake ɗorawa a kan fata, ya yi kwanakinsa ya goge. Bilicin shi ne ya zo da wata manufa daban, ta sauya fatar kanta. A watan Fabrairun 2023, a Kano, shugabar hukumar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Hukumar ta haramta sinadarin makuri a man shafawa, ta kuma ƙayyade hydroquinone kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Amma man da ya fi wuyar kamawa shi ne "haɗi", wanda ake cakuɗawa a gida a ɗura a roba babu suna babu lamba, a tallata shi ta waya, ya isa ɗakin amarya a garin Sara ko Gwaram ba tare da ya bi ta gaban wani jami'i ba.