Daga ƙwaya zuwa inhela: tarihin maganin asma da ɓarnarsa

Ina da gwaggo da ta shekara fiye da ashirin tana fama da asma. Da hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, sai ka ji ƙirjinta yana fito tun daga zaure. Maganinta wasu ƙananan fararen ƙwayoyi ne da ake sayo mata a kyamis, ana ƙulle su a leda. Suna yi mata aiki kuwa. Amma a idonmu fuskarta ta cika ta yi zagaye, ƙafafunta suka sirance, daga baya ciwon suga ya biyo. Mutane suna cewa ta samu hutu ta yi ƙiba. Sai da na girma na san sunan ƙwayar, prednisolone, na kuma san cewa abin da ya same ta likitoci sun gan shi tun kafin a haife ni.

Asalin maganin daga Amurka ne. A shekarun 1930 wani masanin sinadarai, Edward Kendall, da ke asibitin Mayo a jihar Minnesota, ya riƙa tace sinadarai daga wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙodar shanu. Ɗaya daga ciki shi ne aka sa wa suna kotizon. A watan Satumba na 1948 abokin aikinsa, likita Philip Hench, ya yi wa wata mata allurarsa. Amosanin gaɓɓai ya kwantar da ita, amma cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba Kendall da Hench kyautar Nobel tare da Tadeus Reichstein na Switzerland, kuma a shekarar ne aka fara gwada maganin a kan masu asma.

Murna ba ta daɗe ba. Maganin yana kwantar da kumburin hanyoyin iska, amma da yake ta jini yake bi, babu inda ba ya taɓawa. Wanda ya daɗe yana sha sai ƙashinsa ya yi rauni har ya karye da ɗan tuntuɓe, jininsa ya hau, yana ta rufe masa ido, garkuwar jiki ta yi sanyi har tarin fuka da ya kwanta ya farka. Yara kuwa tsayinsu ke tsayawa. Abin da ya fi ban tsoro shi ne jiki yana daina samar da nasa sinadarin, don haka wanda ya yanke shan maganin farat ɗaya yana iya faɗuwa. Prednisolone da ya zo a 1955 ya rage tara ruwa a jiki, sauran matsalolin suna nan.

Ta wani gefen ana neman hanyar kai magani huhu kai tsaye. A 1956 kamfanin Riker ya fito da inhela ta farko mai fesa ƙayyadadden awo, bayan 'yar shugaban kamfanin, yarinya mai asma, ta tambayi mahaifinta me ya hana a zuba maganinta a gwangwanin feshi kamar na gashi. Sai dai abin da ke ciki mai buɗe hanyar iska ne kawai, ba ya taɓa kumburin. A shekarun 1960 mace-macen masu asma, musamman matasa, suka yi tashin gwauron zabo a Ingila da Ostireliya da New Zealand, aka gano alaƙarsu da wata inhelar isoprenaline mai ƙarfi ninki biyar. Mutum ya fesa ya ji sauƙi, ya ƙi zuwa asibiti, zuciya na bugawa, kumburi na ƙaruwa a ciki. Salbutamol, wato Ventolin, da ya fito a 1969 ya fi sauƙi ga zuciya, ko da yake yana sa rawar hannu da faɗuwar gaba.

A ganina shekarar da ta fi muhimmanci ita ce 1972. Wani likita a garin Derby na Ingila, Harry Morrow Brown, wanda tun 1958 yake duba kakin majiyyatansa a madubin likita don gane waɗanda sitiroyid, wato dangin kotizon, zai amfana, ya nuna cewa beclomethasone, sitiroyid da ake shaƙa, yana riƙe asma, har mutane da yawa suka ajiye ƙwaya. Awon da ake shaƙa ɗan mitsitsi ne, kuma yawancinsa a huhu yake aiki. Illarsa ta yau da kullum dushewar murya ce da fari-fari a harshe, wanda kurkure baki bayan shaƙa ke ragewa. A 2019 hukumar GINA mai tsara ƙa'idojin kula da asma ta daina amincewa a bar babban mutum da shuɗiyar inhelar salbutamol kaɗai.

Abin da ke ci mini rai shi ne a unguwanninmu kamar har yanzu muna 1955. Inhela mai hana kumburi tana da tsada, ga camfin cewa wanda ya fara ta ba ya rabuwa da ita, alhali ƙwayar tana arha kuma ana ba da ita ba takardar likita. 'Yar uwarta dexamethasone, wadda a 2020 aka tabbatar tana ceton masu korona da ke kan iskar oksijin, ita ce wasu 'yan mata ke sha da sunan sha-ka-fashe, suna neman cikar fuskar nan da likitoci suka shekara ashirin suna gudu. Ƙwayar prednisolone tana da muhallinta, kwana biyar zuwa bakwai idan ciwon ya taso da ƙarfi, bisa umarnin likita.

Ko na'urar da ke taimaka wa yaro shaƙar inhela ba sai an sayo ba. A 1999 likita Heather Zar da abokan aikinta a Cape Town sun nuna cewa robar lemo mai rabin lita, idan aka huda gindinta aka sa bakin inhela aka toshe gefe, tana yin aiki daidai da ta kanti. Yaro ya sa bakin robar a bakinsa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida.