Ajiya da Bayaninta: Daga Rumbunan Damargu zuwa Rumbun Gajimare

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin wata tsohuwar matsala wadda duk mai ajiye kaya yakan fuskanta, watau yadda za a haɗa abin da aka ajiye da bayanin da zai nuna ko mene ne shi, na wane ne, daga ina ya fito, kuma yaushe aka kawo shi. A nan za mu kira wannan bayani da sunan “bayanin rakiya”, domin yana rakiyar kaya duk inda suka je. Masu tsara manhajar kwamfuta suna gina irin wannan bayani ga kowane hoto ko murya ko takarda da suka aika ma’ajiyar intanet, to amma matsalar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

An zaɓi ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Balbeji cikin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, saboda ta daɗe tana ajiye dukiyar mutanen da ba sa zaune a wurin. Za mu duba hanyoyin da aka bi can wajen shaida kaya, sa’an nan mu ga abin da mai nazarin harshe zai koya daga cikinsu.

2.0 Damargu, rumbun Azbin

Garin Tanut yana kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram, a kan hanyar Agadas. Ƙasar tana bakin iyakar noma, kuma Dagirawa da Hausawa da Buzaye da Filani ne suke zaune a cikinta. Tun da duwatsun Azbin ba sa ciyar da mutanensu, geron Damargu ne abin dogaronsu. Da shi kuma ayarin gishiri yake ƙetara Tenere zuwa Fashi da Bilma, a musanya shi da kantu da dabino, sa’an nan a gangaro kudu har Kano.

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth da abokan tafiyarsa, James Richardson da Adolf Overweg, suka iso Damargu tare da ayarin Annur, wani shugaban Kel Ewe, kuma a nan cikin Damargu suka rabu, kowa ya kama hanyarsa. Bayanin Barth ya nuna cewa manyan Azbinawa suna da ƙauyuka da talakawa masu yi musu noma a wannan ƙasa. Ma’anar wannan ita ce mai gero yakan yi watanni yana Azbin ko yana kan hanyar Bilma, alhali geronsa yana cikin rumbu a hannun wani. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma garin Jajiduna ya zama zango babba ga fataken Gadamas da Tarabulus masu sayen gashin jimina da fatu. Su ma dukiyarsu takan kwana a hannun wakilai.

3.0 Alama a jiki, lissafi a gefe

Idan aka lura za a ga hanyoyi biyu aka bi wajen shaida kaya. Ta farko ita ce a sa alama a jikin abin kansa. Buzaye sukan yi wa raƙuma lamba da ƙarfe mai zafi, a wuya ko a cinya, kuma kowane dangi da irin tasa lambar. Makiyaya sukan tsaga kunnen dabba ta wata siga da aka san su da ita. Amfanin wannan hanya shi ne alamar ba ta rabuwa da dabbar, ko da ta ɓace ta bayyana a wata rijiya mai nisa. Rauninta kuwa shi ne ba ta ɗaukar dogon bayani: tana faɗin dangin mai raƙumi, amma ba ta faɗin ko jingina ne, ko aro, ko gado da ba a raba ba.

Hanya ta biyu ita ce a riƙe lissafi dabam da kayan. Gero a Damargu, kamar sauran ƙasar Hausa, dami-dami ake ɗaure shi a zuba a rumbu, kuma da dami ake ƙidaya shi. Da shi ma ake fitar da zakka, ɗaya cikin goma. Lissafin yana cikin kan maigida da shaidun da suka ga ranar zubawa. Fataken arewa kuwa da alƙalami suka riƙe nasu. Wasiƙun Larabci da iyalan Gadamas suka adana suna ambaton yawan kayan da aka aika da irinsu da sunan wanda aka danƙa wa, domin wakilin da ke Damagaram ko Kano ya gwada abin da ya karanta da abin da ya sauka daga kan raƙumi. Wannan hanya tana ɗaukar bayani mai yawa, sai dai in shaidu suka mutu, ko wasiƙa ta salwanta, kayan sun zama marasa asali. Saboda haka mai hankali yakan haɗa hanyoyin biyu, kowace ta rufa wa ’yar’uwarta asiri.

Malamai ma suna da nasu tsarin. Littattafan hannu na wannan yanki ba a ɗinke su, warƙa-warƙa ake tara su cikin gafaka. Domin kada su rikice, marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gama. A ƙarshen littafi yakan rubuta sunansa da sunan wanda aka rubuta wa, wani lokaci har da rana da wata. Mawaƙan ajami kuma sukan ɓoye shekara cikin ramzi, inda kowane baƙi yake da lambarsa. A lissafin Magariba shin na tsaye a kan 1000, ra kuma a kan 200. Duk wanda ya yi aiki da tarin littattafan hannu na cibiyar IRSH a Yamai, wanda Bubu Hama ya aza harsashinsa, ya san irin wahalar da ake sha a kan littafin da warƙarsa ta ƙarshe ta ɓace.

4.0 Rumbun tsimi

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, daga nan fataucin hamada ya yi ta raguwa. Ajiyar gero dai ba ta daina zama babban al’amari ba, musamman bayan yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba. Bayan yunwar 1931 gwamnatin mulkin mallaka ta tsananta dokar rumbun tsimi: dole manoma su zuba wani kaso na geronsu bayan girbi, a rufe, kuma ba a buɗewa sai da iznin hukuma.

Manufar a fili ba ta da laifi, domin tsimi tsohuwar ɗabi’ar manomi ce. Abin da ya sake shi ne wurin da bayanin ajiyar yake. A da yana bakin maigida da shaidunsa. Yanzu ya koma cikin rajista, da Faransanci, a hannun ma’aikata. Manomin da bai iya karanta abin da aka rubuta a kansa ba, ba shi da hanyar musu in an ce dami kaza ya zuba. Wannan na cikin dalilan da suka sa rumbun tsimi ya zama abin ƙorafi a karkara har zuwa ƙarshen mulkin mallaka. Bayan ’yancin kai an kafa hukumar OPVN a 1970 domin kula da hatsin ƙasa, daga baya kuma bankunan cimaka suka yaɗu a ƙauyuka bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984. A cikinsu duka, amincewar jama’a tana rataye ne a kan littafin shiga da fita, da kuma wanda yake iya karanta shi.

5.0 Rumbun gajimare

Abin da ake kira gajimare a fannin kwamfuta gine-gine ne cike da na’urori a ƙasashe dabam-dabam, waɗanda ake haya ta hanyar intanet. A watan Maris na 2006 kamfanin Amazon ya buɗe irin wannan ma’ajiya mai suna S3, wasu kamfanoni kuma suka biyo baya. Mai ajiya a nan yana cikin halin Ba’azbinen da ya bar geronsa a Damargu, domin kayansa na hannun wani, a wurin da idonsa ba ya gani.

Kowane abu da aka aika ana ɗaukarsa ƙunshi guda, a ba shi suna wanda babu mai irinsa cikin ma’ajiyar. Na’ura da kanta takan rubuta girmansa da ranar da aka aje shi, ta kuma fitar da wata lamba daga abin da ke cikinsa, wadda za ta sake in an taɓa ko da harafi ɗaya. Wannan ita ce makwafin hatimi. Sauran bayani kuwa mai tsara manhaja ne yake gina shi, bibbiyu-bibbiyu, watau kan magana da amsarsa. A ce mai bincike ya ɗauki muryar wani dattijo a Gangara yana ba da labarin farin 1984. Manhajar za ta haɗa wuri da Gangara, harshe da Hausa, rana da ranar ɗauka, mai magana da lambar da aka ba shi. A tsarin S3 kowane kan magana irin wannan yana farawa da x-amz-meta-, kuma dukkan bayanin bai wuce kilobayit 2 ba. Haka nan ba a gyara shi bayan an aika, sai dai a sake kwafar ƙunshin da sabon bayani. Mai karatu zai ga kamarsa da lambar raƙumi: gajere ne, manne yake da kayan, kuma kankare shi aiki ne. Don haka ake buƙatar rajista ta biyu a gefe, mai ɗaukar dogon bayani.

Domin kada kowa ya ƙirƙiro nasa kanun magana, an yi ƙa’idoji na duniya. Tsarin Dublin Core, wanda ya samo asali daga wani taro a garin Dublin na jihar Ohio ta Amurka a 1995, ya ware kanu 15, ciki har da take, mawallafi, rana, harshe da haƙƙin mallaka. Harsuna ma suna da lambobinsu: ha ga Hausa, kr ga Barbarci, ff ga Fillanci, tmh ga Buzanci. Rana kuwa ana fara ta da shekara, sai wata, sai kwanan wata.

6.0 Matsalar suna da harafi

A nan ne aikin ya faɗo hannun mai nazarin harshe. Barth ya rubuta Damerghu, Richardson ya rubuta Damerghou, Faransawa suka tsaya a kan Damergou, Bahaushe kuma ya rubuta Damargu. Mutum ya san ƙasa ɗaya ake nufi, na’ura kuwa wurare huɗu take gani. Haka Tanout da Tanut, da Zinder da Damagaram. Sunan Belbédji ya fi su rikici, domin harafin é yana da hanyoyin rubutawa biyu cikin tsarin Unicode, waɗanda ido ba ya bambanta su amma na’ura tana bambantawa. Bugu da ƙari, iyakoki suna sakewa: kafin 2011 Tarka tana ƙarƙashin Tanut, daga wannan shekara ta koma gundumar Balbeji. Muryar da aka ɗauka a Tarka a 2005 tana buƙatar a nuna duka biyun.

Sai kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko a shekarun 1930. Hanyar da bayanin rakiya yake bi a intanet an gina ta ne tun asali don haruffan Ingilishi, saboda haka dole a sake wa waɗannan baƙaƙe kama kafin su wuce, a kuma mayar da su in sun iso. Mai tsara manhajar da ya ga wannan wahala ce yakan cire lanƙwasar ya huta, sai baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, gaɓa ta koma gaba. Har ila yau akwai bambancin ƙa’ida tsakanin ƙasashen biyu. Duk da tarurrukan daidaita rubutu, irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya take rubuta ’y. Wanda ya nemi kalmar ’ya’ya ba zai sami abin da aka aje da sunan ƴaƴa ba, sai in an tanadi manhajar ta gane su ɗaya ne.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarwari huɗu ne muke gabatarwa ga cibiyoyin da ke mayar da kaset da hotuna da littattafan hannu zuwa rumbun gajimare. Na farko, a sa gajeren bayani a jikin kowane ƙunshi, a kuma riƙe cikakkiyar rajista a gida. Na biyu, a tsai da jerin sunayen garuruwa, kowanne da siga ɗaya tabbatacciya, a jera sauran sigoginsa na Faransanci da Hausa da Barbarci da Buzanci a ƙarƙashinta. Na uku, kada a yarda da manhajar da take zubar da lanƙwasa, a gwada ta kafin a danƙa mata aiki. Na huɗu, a rubuta bayanin da harshen da masu abin suke karantawa, a kuma bar musu kwafi, domin kada jikan dattijon Gangara ya sami kansa a matsayin da kakanninsa suka tsaya gaban rajistar rumbun tsimi.

Akwai sauran aiki a gaba, musamman tattara kalmomin da mutanen Tanut, Olelewa, Falanko, Tenhiya da Tarka suke amfani da su wajen awo da ajiya da lambar dabbobi, tun dattawan da suka san su suna raye. Muna fata masu bincike za su mai da hankali a kan wannan.