Daga Sunan Yanka Zuwa Lambar Ɗaki: Yadda Jami'o'i Suka Koyi Raɗa wa Kwamfuta Suna

A gidan Bahaushe, yaron da ake kira Auta yana riƙe da sunan ne bisa sharaɗi: kada a yi masa ƙane. Ranar da aka sake haihuwa, sunan ya daina faɗin gaskiya, ko da kuwa ya bi shi har tsufa. Wannan ita ce matsalar da masu kula da kwamfutocin jami'o'i suka shafe fiye da shekara hamsin suna fama da ita. Sunan da ke ɗauke da bayani yana da amfani, amma yana tsufa. Sunan da ba ya bayanin komai ba ya tsufa, sai dai ba ya taimakon wanda ke neman na'ura ɗaya a cikin dubu.

Labarin ya faro ne a 1969, lokacin da aka haɗa cibiyoyi huɗu a Amurka a kan ARPANET, kakar intanet ta yau: Jami'ar Kalifoniya reshen Los Angeles, reshenta na Santa Barbara, Jami'ar Utah, da cibiyar bincike ta SRI. Na'urorin da lambobi suke gane juna, amma kan ɗan Adam ya fi riƙe suna. Saboda haka aka shiga yi musu laƙabi, kowace cibiya da irin nata. A 1971 Peggy Karp ta gabatar da shawarar a daidaita waɗannan laƙubba, a cikin jerin takardun fasaha da ake kira RFC.

Daga nan aka samar da kundi guda mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a SRI. Duk jami'ar da ta sami sabuwar kwamfuta sai ta sanar da ofishin, a rubuta sunanta da lambarta, sauran cibiyoyi kuma su riƙa kwafar kundin lokaci zuwa lokaci. Tun da kundin ɗaya ne, ba zai yiwu na'urori biyu su ci suna ɗaya ba. Shi ya sa sunayen farko ke haɗa sunan makaranta da na sashe ko na ƙirar na'ura, kamar MIT-AI, ta ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na MIT.

Da kwamfutoci suka kai ɗaruruwa, kundin ya yi wa ofishi ɗaya nauyi. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, tsarin da ya raba ikon raɗa suna hawa-hawa. A 1985 jami'o'i irin su Berkeley da Carnegie Mellon da Purdue suka karɓi yankunansu a ƙarƙashin .edu. Daga ranar, kowace jami'a ta zama mai unguwar kanta: tana iya raɗa wa na'urorinta abin da ta ga dama ba tare da neman izinin kowa ba. Ƙa'idar da ta rage ta rubutu ce kawai. Takardar RFC 952 ta 1985 ta taƙaita suna ga haruffa da lambobi da karan ɗori, kada ya wuce harafi 24, kuma ya fara da harafi. A 1989 aka sassauta, aka yarda ya fara da lamba.

Samun wannan 'yanci ya buɗe zamanin sunaye na sha'awa. Sassa suka riƙa zaɓar jigo guda: taurari, launuka, itatuwa, ko jaruman tatsuniyoyin Girka. Ruɗanin da ya biyo baya ne ya sa Don Libes, ma'aikaci a hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ya rubuta jagorar da ta fito a matsayin RFC 1178 a 1990. Ya hana a sa wa na'ura sunan mai ita, domin mutane na barin aiki, na'ura kuma na sauya hannu. Ya hana a sa mata sunan aikin da take yi, domin gobe za a sayo ta biyu mai yin aikin, ko a ɗora wa ta farko wani. Ya ja kunne kan dogon suna, da kalmar da ake yawan faɗa a zance, wadda za ta sa a kasa bambance na'ura da magana. Ya kuma yi gargaɗi kan jigon da ke da iyaka. Wanda ya fara da Ladi, Tani, Talatu, zai tsaya cak ranar da na'ura ta takwas ta iso.

Shawarar Libes ta dace da sashen da ke da kwamfuta ashirin, kowace da halinta. Amma tun kafin ya rubuta ta, wani abu dabam ya fara a MIT. Shirin Athena, wanda aka ƙaddamar a 1983 da tallafin kamfanonin DEC da IBM, ya cika ɗakuna da kwamfutoci iri ɗaya, ta yadda ɗalibi zai zauna gaban kowace ya tarar da fayilolinsa. Manhajojin shirin sun sami sunayen Girka, irin su Kerberos da Hesiod, amma na'urorin ɗakunan ɗalibai lambar gini da ta ɗaki da ta jeri suka samu. Dalilin a fili yake. Idan ɗaya ta lalace, mai gyara ba ya bukatar sanin halinta, yana bukatar sanin ƙofar da zai shiga.

Wannan salon ne ya yi rinjaye bayan kwamfutocin Windows sun mamaye makarantu, kuma ya zo da nasa takunkumi. Tsohon tsarin NetBIOS ya bar wa suna harafi 15 kacal, iyakar da har yau masu kula da na'urori ke kiyayewa. A cikin wannan ɗan fili ake cusa harabar makaranta, gini, ɗaki, nau'in na'ura da lamba. Sakamakon suna ne da ba ya furtuwa a baki, amma da shi ake ware ɗaki guda a tura masa manhaja, ko a kulle shi ranar jarrabawa.

Sai dai matsalar Auta ba ta kau ba. Da zarar an ɗauke kwamfuta daga ɗakin karatu zuwa ofishin magatakarda, sunanta ya zama shaidar zur. Zuwan kwamfutar tafi-da-gidanka ya ƙarasa rusa lissafin, domin ba ta da ɗaki. Wasu makarantun suka koma sa sunan ɗalibi ko malami, sai wata ɓarakar ta fito: na'ura na sanar da sunanta a hanyoyin sadarwar da ta hau, ta haka baƙo zai iya sanin mai ita da inda ya bi. A 2017 takardar RFC 8117 ta bayyana wannan ɗabi'a a matsayin haɗari ga sirrin mutane. Haka nan sunan da ke shelar cewa a nan ake ajiye sakamakon jarrabawa ya rage wa mai kutse rabin wahala.

Shi ya sa makarantu da yawa yanzu suka raba abu biyu da aka daɗe ana haɗawa. Suna ya zama abin da ba ya sauyawa, kamar lambar da kamfani ya buga a jikin na'ura ko lambar kadarar makaranta. Bayani kuma, wato wa ke riƙe da ita, a wane ɗaki, don wane aiki, ya koma rajista, inda ake gyara shi ba tare da an taɓa sunan ba.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Amma wannan linzamin yana aiki ne muddin rajistar na da mai kula da ita. Makarantar da ta tsara sunaye masu kyau, ta bar rajista a hannun mutum ɗaya, za ta gane hakan ranar da ya yi ritaya: kwamfutoci ɗari uku a ɗakuna, babu mai iya faɗin wace ce ta ɓata.